Ɗaki Mai Ƙofa

Minti goma cur yarinyar nan ta kwashe tana magana a kan mutuwa, amma ko sau ɗaya ba ta yarda ta kama sunanta ba. Gwaggo Saude na zaune a gindin darbejiyar tashar motar Kazaure, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan buhu, tana kallonta har ta fara ba ta tausayi. Su goma sha biyu aka tara, duk masu kwana a rumfunan tasha da barandar shaguna: makafi biyu, tsohon kwandasta mai ƙafa ɗaya, wani kurma da Allah kaɗai ya san wanda ya gayyato shi sauraron jawabi, da sauran waɗanda duniya ta ajiye a nan ta yi gaba abinta. Ita kuwa yarinyar, Sista Muhsina, ma'aikaciyar jinya ce da wata ƙungiya ta turo, da farin hijabinta da jaka shaƙe da takardu.

"Wato dai... idan lokaci ya yi," in ji ta, tana murza biro. "Idan mutum ya kai wani mataki na rashin lafiya... wato idan ta Allah ta kusa kasancewa..."

"Ke 'yar nan," Gwaggo Saude ta katse ta, "mutuwa kike nufi?"

Muhsina ta sunkuyar da kai. "E, Iya."

"To ki ce mutuwa mana! Tun ɗazu kike kewaye-kewaye sai ka ce sunan surukinki. Ba kiranta ke kawo ta ba, ta san hanya."

Aka kwashe da dariya, har kurman ya taya. Kwandasta ya ce, "Sista, kin san wadda kike koya wa karatu kuwa? Wannan ita ce Saude mai wanka. Rabin matan da ke kwance a maƙabartar garin nan ta hannunta suka bi."

"Shekara arba'in da biyu," in ji Gwaggo, "kuma ba wadda ta taɓa dawowa ta kai ƙarata."

Daga nan bakin Muhsina ya buɗe. Ta ce tambaya uku ce ta kawo ta, kuma za ta rubuta amsar kowa a takarda, a ajiye ɗaya a asibiti, ɗaya a hannun mai ita. In ciwo ya rufe maka baki, wa kake so ya yi magana a madadinka? A ina kake so a yi jinyarka ta ƙarshe? Me kake so a yi maka, me ba ka so? Ta ce mutumin da ba shi da gida yakan faɗi ne a titi, a kwashe shi a kai asibiti, ba wanda ya san sunansa balle abin da ke ransa.

Kwandasta ya ce shi a rubuta masa Madina. Ɗaya daga cikin makafin ya ce shi ko'ina ma daidai ne, tunda ba gani zai yi ba. Da aka zo kan Gwaggo Saude kuwa, sai wasa ya ƙare.

"Rubuta. Ɗaki mai ƙofa."

"Shi ke nan, Iya?"

"Ba na son tiyo a hanci. Ba na son wani ƙato ya hau ƙirjina yana dannawa bayan na riga na kama hanya. Amma babba dai shi ne ɗaki mai ƙofa, in mutu a ciki, a wanke ni a ciki."

Ta san abin da take faɗa. Shekarun baya an taɓa kiranta ta wanke wata baiwar Allah da ta mutu a bayan kasuwa, ba dangi ba suna. Mata huɗu suka riƙe zannuwa suka kewaye ta, iska na ɗagawa, 'yan kallo sun hau katanga, ita kuma tana zuba ruwa tana zaginsu tana kuka. Tun ranar ta roƙi Allah kada a wanke ta a fili. Mace ta yi shekara saba'in tana rufe jikinta, sannan a ranar ƙarshe a baje ta a gaban masu tura kura? Wannan kaɗai ke ba Gwaggo tsoro, ba mutuwar ba.

Muhsina ta ce, "To wane ɗaki za a rubuta?"

"Nawa. A gidan ubana, marigayi Muhammadu Lawal. In kin tsaya a bakin titin can kina hango tankin ruwansa."

"Kina da ɗaki, Iya? To me kike yi a tasha?"

"Gyara ake yi masa. Kwana biyu aka ce in ɗan fita."

"Tun yaushe?"

"Wannan ce damina ta huɗu."

Muhsina ta rasa inda za ta sa idonta. Ta dai ce sai wakili ya sa hannu kafin takarda ta cika. Gwaggo ta ce a rubuta Jalaluddeen, ɗan yayanta, wanda gidan ke hannunsa yanzu. "Ni na yi masa wankan farko ranar da aka haife shi. In ya sa an yi mini na ƙarshe ai bai faɗi ba."

Ranar Asabar da hantsi ta ja ƙafa ta nufi gidan, takarda a ƙulle a bakin zani. Tafiyar da a da take yi kafin ruwan shayi ya tafasa, sai da ta zauna sau uku tana haki. Hajiya Bahijja, matar Alhaji Jalaluddeen, ta tarbe ta da tafa hannu.

"A'a! Gwaggo ce? Ashe kina gari?"

Kullum sai motar Hajiya ta gifta ta gaban tasha, amma gilashin motar masu hali yana da wata lalura, akwai abubuwan da ba ya nunawa. Aka shimfiɗa wa Gwaggo tabarma a baranda, ba a falo ba. Aka kawo mata ruwa a wani kofin roba da ke rataye a ƙusa kusa da famfo, wanda ta san tana fita za a yi masa wanka da ruwan zafi. Ai Hajiya ta daɗe da bayyana wa duniya cewa hannun Gwaggo ba ya rabuwa da ƙamshin kafur, shi kuma kafur yana tayar mata da hawan jini, kuma yara na mugun mafarki in mai wankan gawa ta taɓa musu abinci. Ranar da uwar Hajiyar ta rasu kuwa, da mota aka je aka ɗauko Gwaggo, a kujerar gaba ma aka zaunar da ita. Ran nan hawan jini hutu ya tafi.

Wani guu ke tashi daga tsohon ɗakin Gwaggo. Gwaggo ta dafa bango ta leƙa ta taga. Gyara kam an yi, ba ƙarya: an yi fenti, an sa fanka, an sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo ƙato. Firiza uku ne a jere inda gadonta yake a da, shaƙe da daskararrun kajin da Hajiya ke sayarwa.

"Bahijja, ashe dai kina zama da gawa," in ji ta. "Ko su kaji ba sa tayar da jini?"

Hajiya ta sha mur ta shige ciki ta turo mijinta.

Alhaji Jalaluddeen ya fito yana gyara hula, mutum mai tumbi da murya mai taushi, babban ma'aikaci wanda ya iya gaisuwa. Ya durƙusa har ƙasa. Wannan kam ba a raba shi da shi, ko korarka zai yi sai ya durƙusa. Ya karɓi takardar ya karanta, fuskarsa na canza launi.

"Subhanallahi! Gwaggo, wa ya kawo miki wannan? Wannan ai mugun fata ne. Ni in sa hannu a takardar mutuwarki? Wannan tsarin Turawa ne, mu Musulmi Allah muke bar wa komai."

"Jalalu, wasiyya ce. Tun kafin a haifi Bature ake yin ta."

"To ai ba yanzu ba. Ke da za ki ga jikokin jikoki."

"Dubi ƙafata." Ta ɗage zani. Fatar ta yi sheƙi, ta tsage, ruwa na tsattsafowa. Ya kau da kai ya dubi tankin ruwa. "Ba zama na zo roƙo ba. Aron ɗakin nake so, in mutu a ciki a wanke ni, kajinku su dawo. Ba zan daɗe ba, na yi maka alkawari."

"Haba Gwaggo, gidanki ne fa! Wa ya isa ya hana ki? Kawai dai wayar wutar ɗakin ce ba ta da kyau, kada ta ja ki. Bari mai gyara ya zo. Kuma kin san ke ma ba kya son zama wuri ɗaya, kowa ya san halinki. Me zai hana ki ɗan je Roni wurin Rahamatu ki sha iska?"

Ya miƙa mata takardar yadda ta zo, ya sa aka ɗaure mata kaza guda a leda. Gwaggo ta karɓa. Ta ce a ranta, aƙalla wannan ɗaya ta rasa ɗaki yau, mun zama mu biyu.

Rumfar da Gwaggo ke kwana ta Shatu mai abinci ce. Shatu mace ce gajera mai ƙarfi da baki, mai shinkafa da wake da tuwo da miyar kuka, wadda ita ma ɗaki ɗaya ne da ita a gidan haya, ita da mijinta Yakubu ɗan acaɓa da 'ya'ya biyar. Ba ta haɗa komai da Gwaggo ba. Wata rana ce kawai ta zo buɗe rumfa ta tarar da tsohuwa a kan bencinta, ta buɗe baki za ta yi masifa, tsohuwar ta ce mata miyarta ta jiya gishiri ya yi yawa. Tun daga nan suke tare.

Damina ta kankama, jikin Gwaggo ya ci gaba da zubewa. Kumburin ya haura gwiwa ya kama ciki. Kwanciya ta gagara, sai ta jingina da buhun shinkafa, don in ta miƙe numfashi ke tsayawa. Muhsina ta kai ta asibiti, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba da ƙwayar da ke sa fitsari. To ai shi likita bai san nisan da ke tsakanin rumfar Shatu da bayan gidan tasha ba. Rannan Gwaggo ba ta kai ba. A tsakiyar tasha, da rana tsaka, gaban direbobi. Shatu ta yar da ludayi ta ruga ta yafa mata mayafinta, tana surfa wa masu kallo zagi ta uwa ta uba.

Muhsina ta shiga buga waya. Rahamatu, ƙanwar Alhaji da ke aure a Roni, ta yi salati. "Gwaggo a tasha? Ai ni na ɗauka tana wurin Yaya! Wallahi da na ɗauke ta, to maigidan ne ba ya son baƙi, kuma ɗakin da ya rage gyaɗa muka zuba." Ukasha na Gwiwa, ƙaramin ƙaninsu, ya ce shi ya ɗauka tana Roni, kuma hanyarsu ta lalace da ruwa, a bari damina ta wuce. Shi kuwa Alhaji kullum yana taro. In ya ɗaga, sai ya ce mai gyaran wuta ya tafi Kano bikin ƙanwarsa. Mutumin nan ya aurar da ƙanne sun fi bakwai a daminar nan.

Kowa na ƙaunar Gwaggo. Kowa na yi mata addu'a. Da addu'a na da rufi da ƙofa, da bene ta samu.

Wata Laraba tsakanin azahar da la'asar, lokacin da masu cin abinci ke ja baya, Gwaggo ta ce wa Shatu, "Wanke hannunki ki biyo ni."

A bayan rumfar akwai wani ɗan lungu na kwano inda Shatu ke tara itace. Gwaggo ta sa aka ture itacen gefe, aka shimfiɗa tabarma, ta lallaɓa ta kishingiɗa a kan buhu, ta miƙe hannuwa ta rufe ido.

"To, na mutu. Fara."

"Innalillahi! Iya, wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa ba ne. Kin taɓa wanke gawa?"

"Ni? Ko kaza Yakubu ke yanka mini, ina ɗaki."

"To yau za ki koya. Kina tsammanin Bahijja ce za ta wanke ni? Da sanda za ta juya ni. Ɗauko buta, ba sai da ruwa ba."

Shatu ta ɗauko buta. Gwaggo na kwance ido a rufe tana ba da umarni. A fara lulluɓe ta daga ƙirji zuwa gwiwa, kuma zanin nan ba ya ɗaguwa har a gama, hannu ke shiga ƙarƙashi, ido ba ya bi. A naɗe hannu da tsumma. A danna ciki a hankali. A yi tsarki, a yi alwala. Sannan ɓangaren dama, sannan hagu. Ruwan farko da ganyen magarya, na ƙarshe da kafur, kuma adadin wankan ya zama mara, wato sau uku ko biyar.

"A hankali, ke! Tukunya kike kankarewa? Mutum ne fa."

"Iya, ai gawa ba ta jin zafi."

"Wa ya gaya miki? Kin taɓa zama gawa? Riƙe kaina da tafin hannu, kada ki bari ya bugi ƙasa. Kuma kada ruwa ya shiga hancina, ban son shi ina raye, ba zan fara sonsa don na mutu ba."

Shatu ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta zauna daɓas a kan itace. Gwaggo ta buɗe ido ɗaya.

"Kukan ma akwai ƙa'idarsa. Ki yi shi kafin ki fara ko bayan kin gama. In kina yi kina wanka, majina za ki ɗiga mini. Saura abu ɗaya, shi ne babba. Duk abin da kika gani a jikin mace, ya mutu tare da ita. Na ga tabon duka a jikin matan manya, na ga abin da ba ya faɗuwa, ban taɓa gaya wa ko da matashin kaina ba. Kin ji?"

"Na ji, Iya."

"To tashi ki sake daga farko. Kin manta kitso, kashi uku ake raba gashi."

Sau huɗu Gwaggo ta mutu a wannan yammacin, har Shatu ta iya. Yakubu ya zo cin abinci ya ji labari. Washegari sai ga shi da wani tsohon ƙyauren kwano ɗaure a bayan babur, ya ɗaura shi a bakin lungun da waya, ya kafa ƙusa ya lanƙwasa ta zama sakata. Gwaggo ta tura ƙyauren ya rufe, ta ja ya buɗe, ta sake turawa. Ya yi ƙara kamar akuya, kuma ƙasansa kare zai iya shigewa.

"Ba laifi," in ji ta. "Kirawo mini Sista, a sake takarda."

Aka soke sunan Jalaluddeen aka sa na Shatu. Gwaggo ta faɗi abin da za ta faɗa, Muhsina na rubutawa tana cije leɓe, kwandasta da Yakubu suka zama shaidu, aka dangwala yatsa.

Kwana tara bayan nan, da safe Shatu na ɗora wake, Gwaggo ta buɗe baki za ta ce mata wutar ta yi yawa, maganar ta ƙi fita. Bakin ya karkace, hannun dama ya zube, ƙafar ta bi shi. Likita ya zo har lungun bisa roƙon Muhsina, ya duba, ya karanta takarda, ya ce to a bar ta inda ta zaɓa, a riƙa juya ta, a ɗiga mata ruwa da cokali. Gwaggo na jin komai. Abin da mutane ba su sani ba ke nan, kunne ba ya tafiya da wuri. Tana jin ƙarar motoci, tana jin masu cin abinci na tambayar jikinta, tana jin Shatu na zuba gishiri fiye da kima, ba halin magana.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ya tare Alhaji Jalaluddeen a gaban manyan gari ya ce, "Alhaji, ya jikin gwaggon taka? Mun je mun duba ta a tasha." A tasha! Kafin la'asar mota ta tsaya a gaban rumfar Shatu.

Gwaggo ta ji muryarsa tun daga waje. Ƙyauren ya yi kukansa, haske ya shigo, ga Jalalu cikin babbar riga yana sunkuyawa, ga Hajiya Bahijja a bayansa ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Wa ya ajiye mini uwa a cikin itace?" ya daka tsawa. "Uwata guda! Muna raye! Ku ɗauko ta, gida za ta."

Shatu ta tare ƙofa da ludayi a hannu. "Ranka ya daɗe, ba inda za ta. Akwai takarda."

"Ke wace ce? Jini ya fi takarda!"

Muhsina, wadda Shatu ta kira tun da ta hango motar, ta iso tana haki. Mutanen tasha sun taru. Ta ce a yi haƙuri ta karanta abin da mai jikin ta faɗa da bakinta, ta buɗe takarda.

"Ni Saude 'yar Muhammadu Lawal, da hankalina, wanda ya fi na wasu. In bakina ya rufe, Shatu ce bakina. A bar ni a lungun itace, yana da ƙofa. Shatu ta wanke ni, na koya mata, in ta ɓata ni da ita ne a can. Dangina in sun zo a ba su wuri su zauna, a ba su ruwa a kofin da kowa ke sha."

Wani direba ya tuntsire da dariya, aka harare shi. Alhaji ya yi gumi har hula. Ya ce wannan zancen banza ne, an yi wa tsohuwa wayo, shi zai ɗauki gwaggonsa ko da me. Gwaggo na kwance tana jinsa, sai ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta da ba ta shirya masa ba. Muryar nan ce ta yaron da ta goya. Uwata, ya ce. A gaban mutane ya ce uwata.

Sai ya ja Muhsina gefe, ya rage murya. Gefen kuwa bai wuce taku biyu daga kan Gwaggo ba.

"Sista, tsakaninmu. Kamar kwana nawa ya rage? Don in san yadda za a yi da ɗakin. Kajin da ke ciki ba sa jure rashin sanyi."

Muhsina ta dube shi. Yarinyar da a da ba ta iya furta sunan mutuwa ta ce, "Alhaji, mutuwa ba ta ba ni jadawali ba. Yana iya zama gobe. Na kuma ga wadda ta shekara biyu a haka. In kun ɗauke ta, duk bayan awa biyu za a juya ta. Za a share mata kashi da fitsari, a wanke gyambon ƙafa safe da yamma. Ba aikin namiji ba ne, sai dai Hajiya."

"Shekara biyu?" in ji Hajiya ta cikin mayafi.

Miji ya dubi mata, mata ta dubi miji. Ba a taɓa shawara mai sauri irin wannan ba. Alhaji ya gyara tsayuwa, ya gyara murya, ya juyo ga jama'a da fuskar malamai.

"Jama'a, na yi tunani. Wasiyya abu ce mai girma a addini. Wane ni in karya maganar Gwaggo? Duk yadda zuciyata ke ƙuna, dole in bi abin da ta zaɓa. Ku shaida, ita ta zaɓa."

Ya durƙusa har ƙasa a gefen tabarma, bai taɓa ta ba, ya ce Allah ya ba da lafiya. A bakin ƙofa ya ce wa Shatu, in ta Allah ta kasance a kira shi kafin kowa ya ji, a gida za a yi zaman makoki, manyan baƙi za su zo. Kafin ya kai mota ya riga ya ɗaga waya yana tambayar mai kanofi ko ana iya kama kujeru ba tare da an sa rana ba.

Mota ta tashi. Tasha ta ɗauki sowa, kwandasta na buga sandarsa a ƙasa. Shatu ta shigo tana huci tana dariya. "Iya, kin gan su? Kin kayar da su kina kwance! Takardarki ta yi aiki!"

Ta yi aiki kam. Duk abin da Gwaggo ta nema ta samu: ga ƙofa, ga mai wanka, ba mai baje ta a fili. Ita ta tsara, ita ta dangwala yatsa. Amma Allah ya sani, lokacin da yaron nan ke ihu, so ta yi ya fizge takardar ya yayyaga ta. So ta yi ya ture Shatu, ya ture Sista, ya sunkuce ta da hannunsa, da gyambon da warin da komai, ya ce shekara biyu ko goma, gida za ta. Da ta yafe damina huɗun nan kafin su kai mota. Takardar da ta rubuta don ta kare ta, ita ce ya samu ya fake a bayanta, kuma ko jayayyar kirki bai tsaya yi ba.

Hawaye ya gangaro daga idon da ke aiki, ya bi ta kunne. Shatu ta gani, dariyarta ta tsaya. Ta daɗe tana kallon tsohuwar. Sannan ta miƙa hannu ta tura ƙyauren ya rufe, don kada mutanen tasha su ga abin da ba nasu ba, ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Gwaggo a cinyarta.